Ƙofar Hayaƙi: Tarihin Wutar Jin Ɗumi a Ɗaka

A watan Janairun bara, wani dare da hunturu ya buso har haƙora na kaɗawa, mu uku muka tashi daga fada wajen ƙarfe ɗaya. Ɗakin da muke haya a Yamai ɗan ƙarami ne, ginin siminti, rufin tol, ƙofar ƙarfe, taga ɗaya. Furnon shayi bai mutu ba, garwashi ja wur. Ɗayanmu ya ce asara ce a bar wannan ɗumi a waje. Muka shigo da shi, muka ƙara gawayi, muka ja ƙofa, har da cusa tsumma a ƙarƙashinta don kar ƙura ta shigo. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne na farka kaina kamar ana sara da gatari, ina son tashi ƙafafu sun ƙi. Wanda ya kwanta kusa da ƙofa shi ya rarrafa ya buɗe, yana amai. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya fito alwalar asuba, shi ya jawo mu waje ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa: "Ku ƴan lakwal, duk karatun nan ba a gaya muku gawayi ba ya kwana da mutum ba?"

Da na je gida hutu, can wajen Tasawa, na ba kakata labari. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce: "Maigidana, ni shekara nawa ina kwana da wuta a ɗaka, ban taɓa suma ba. Laifin ba na wuta ba ne. Ɗakinku ne ba ya lumfashi." Wannan magana ce ta sa na shiga bin diddigin yadda mutane suka zauna da wuta a cikin ɗaka, mu da waɗansu. Abin da na tarar kuwa shi ne, shigo da wuta bai taɓa zama abu mai wuya ba. Wahalar da ta cinye wa mutane ɗaruruwan shekaru ita ce nema wa hayaƙi hanyar fita.

Ɗakin da ke lumfashi

Baƙo yakan ɗauka ƙasarmu zafi ne kawai. Amma wanda ya kwana a Maraɗi ko Damagaram tsakanin Disamba da Janairu ya san ɗari. Da asuba awon zafi yakan sauko wajen digiri 13 zuwa 15, a ƙauye da bakin fadama ma ya fi haka, kuma a Bilma an taɓa ganin ya faɗi ƙasa da sifiri. Ga mutumin da ba shi da bargo mai kauri, ga tsoho, ga jariri, wannan ba wasa ba ne. Don haka kakanninmu suka daɗe da sanin jin wuta. Harshen ma shaida ne: muna da murhu da kasko, da gungume mai kwana yana ci, da ƙirare na hura wuta, da garwashi da rushi da toka, har da kunkunniya, baƙin da ke taruwa a jinka.

Ku lura da kalmar nan ta ƙarshe. Kunkunniya a jinka tana nufin hayaƙi yana bi ta nan yana wucewa. Kago ko bukka mai rufin ciyawa kamar rariya take: iska mai zafi tana tashi sama ta kutsa tsakanin shuci ta fita, sabuwa tana shigowa ta gefen asabari da ƙasan ƙyaure. Ba wanda ya zana wannan a takarda, amma aiki yake yi. Tsofaffi sun kuma san cewa jinkar da ta sha hayaƙi ta fi jure wa gara da ƙwari.

Akwai kuma gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, ƙasar ta sha zafi ta riƙe shi har gari ya waye. An fi saninsa a ɗakin tsofaffi da na mai jego. Dabarar ba mu kaɗai muka yi ta ba. A arewacin Sin akwai gadon bulo da suke kira kang, a Koriya akwai ondol mai ɗumama daɓen ɗaki baki ɗaya, Rumawan dā ma suna hura wuta ƙarƙashin daɓen gidajen wanka. Bambancin shi ne su sun haɗa nasu da hanyar da ke kai hayaƙi bayan bango, mu kuwa mun bar wa jinka wannan aiki. Kuma kar mu yi wa al'ada ado fiye da kima. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da haɗuwar abu uku na kwana arba'in na jego: wanka da tafasasshen ruwa, kunun kanwa, da kwanciya a kan gado mai wuta. Tari da ciwon ido na zaman hayaƙi su ma ba baƙi ba ne a gidajenmu. Tsohon ɗaki bai hana hayaƙi cutarwa a hankali ba. Abin da ya rage shi ne kisan dare ɗaya.

Turai cikin hayaƙi

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun saba ganin hoton gida mai bututu a kan rufi, har mu ɗauka da shi aka halicci Bature. Ba haka ba ne. Shekaru dubu da suka wuce, talakan Faransa ko Ingila a tsakiyar ɗaki yake hura wuta, kamar kakata, hayaƙi ya nemi hanya ta ciyawar rufi ko ta wata kafa da aka bari a sama. Har manyan zaurukan sarakai haka suke.

A nan ɗalibin harshe yake samun abin ci. Kalmar foyer, da yau take nufin iyali ko gida, asalinta wurin hura wuta ne, daga kalmar Latin focus, wato murhu. Masu mulkin Faransa na dā ba kai suke ƙirgawa ba, wuta suke ƙirgawa: a 1328 an yi babban lissafin masarautar bisa yawan "wutace", kowace wuta gida guda, kuma harajin da ake ɗora wa kowace wuta sunansa fouage. Mu Hausawa da tukunya muke auna iyali, mu ce waɗannan tukunyarsu ɗaya. Mai fama da sanyi ya ƙirga wuta, mai fama da yunwa ya ƙirga tukunya. Da Nasara ya zo nan kuwa, bai nemi ko ɗaya ba, kawuna ya ƙirga ya aza lanho.

Sai kuma couvre-feu, da muka sha a Yamai lokacin korona a 2020. Mu muna cewa dokar hana fita, amma in ka fasa kalmar, "rufe wuta" take cewa. A garuruwan Turai na wancan zamani, da gidajen katako manne da juna, ana kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe garwashinsa, kar gari ya kama. Dokar wuta ce ta rikiɗe ta zama dokar mutane.

Bututun hayaƙi, wanda suke kira cheminée, ya fara bayyana a gidajen sarauta na dutse wajen ƙarni na 12. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage a Ingila yana fadar Conisbrough, ginin wajen 1185. Dalilin kuwa a fili yake: da aka fara gina bene, wutar tsakiyar ɗaki ba ta da rufin da za ta huda, dole aka matsar da ita jikin bango aka yi mata hanya. Amma sai da aka ƙara kusan shekara 400 kafin abin ya isa gidan talaka. Wani limamin coci mai suna William Harrison, a littafinsa na bayanin Ingila na 1577, ya ba da labarin tsofaffin ƙauyensu suna mamakin yawan bututun da aka gina a zamaninsu, alhali suna yara ƴan ƙalilan ne. Shi da kansa ya koka cewa a dā hayaƙi yana ƙarfafa katakon gida yana kuma kare mutane daga mura. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, don kamar muryar kakata nake ji.

Haraji da gyara

Duk abin da ya yawaita, hukuma za ta gan shi. A 1662, zamanin Sarki Charles na Biyu, aka aza harajin murhu a Ingila: sule biyu a shekara kan kowane murhu. Masu karɓa suna da ikon shiga gida su ƙirga, abin da ya fi ƙona wa mutane rai. Waɗansu suka riƙa toshe murahunsu don su rage biya. Ƙiyayyar da aka yi wa harajin ta sa aka soke shi a 1689.

Shi kansa bututun na farko ba gwani ba ne. Murhun yana da zurfi da faɗin baki, don haka mafi yawan zafin yana bin hayaƙi ya tafi sama, mai gida gabansa na gasuwa bayansa na daskarewa, itace kuwa na ƙarewa. Gyaran ya zo a ƙarni na 18. A Amurka, wajen 1742, Benjamin Franklin ya ƙera murhun ƙarfe da ake sakawa a bakin na gini, don ƙarfen ya sha zafi ya watsa wa ɗaki. Ya ƙi karɓar takardar mallakar ƙirar, bisa ra'ayinsa cewa tun da muna cin amfanin dabarun waɗansu, ya kamata mu ba da namu kyauta. Ƙirarsa ta farko tana da matsalar jan hayaƙi, waɗansu ne suka gyara ta daga baya. Sannan a 1796 Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Rumford, ya wallafa tasa dabarar: a rage zurfin murhu, a karkata bangayen gefe don su maido zafi cikin ɗaki, a kuma matse maƙogwaron bututu don hayaƙi ya fita da sauri. Gidaje da yawa a Landan suka sake ginin murahunsu a kan wannan tsari.

Ilimin da ke ƙarƙashin duk wannan, maƙerin garinmu ma ya san shi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi, don haka sama take yi. In ka ba ta dogon bututu, tashinta zai jawo sabuwar iska ta ƙasa zuwa cikin wuta. Ke nan wuta baki biyu take bukata: na shaƙa da na fitarwa. Ka toshe ɗaya, ka lalata duka.

Kuɗin da aka biya

Kar a ɗauka daga nan komai ya yi daidai. Bututu yana tara kunkunniya, in ba a share ba ya toshe ko ya kama da wuta. Da yake hanyar matsattsiya ce, sai aka riƙa tura yara ƙanana, galibi marayu da ƴaƴan matalauta, su hau ta ciki suna kankarewa. A 1775 likita Percivall Pott na Landan ya lura cewa wani irin ciwon daji na fatar maraina ya yi yawa a tsakanin masu wannan aiki, ya danganta shi da kunkunniya. Ana ƙirga wannan cikin karo na farko da aka haɗa ciwon daji da sana'ar mutum. Duk da haka sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen hawan yaran da gaske. Shekara ɗari cur tsakanin sani da aiki da sani.

Ga kuma labarin da ya fi taɓa ni. Duk wanda ya yi lise a ƙasar nan ya ji sunan Emil Zola, mai littafin Germinal. Ran 29 ga Satumba 1902 aka tarar da shi matacce a ɗakin kwanansa a Paris. An hura wuta da dare, bututun a toshe yake, tagogi a rufe. Matarsa ta sha da ƙyar. Har yau ana gardamar ko haɗari ne ko maƙiyansa na rikicin Dreyfus ne suka toshe bututun, amma ba a gardamar abin da ya kashe shi. Shi ne abin da ya kusa kashe mu uku a Yamai: iskar da masana ke kira monoksid na karbon. Tana fitowa ne in wuta ta ci ba tare da isasshiyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Claude Bernard ya nuna yadda take aiki: tana kama jan sinadarin jini da ke ɗaukar iskar shaƙa, kuma kamun nata ya fi na iskar shaƙa ƙarfi sama da sau 200. Mutum yana lumfashi, amma jininsa ba ya kai komai ga ƙwaƙwalwa. Ciwon kai, jiri, amai, kasala, sai barcin da ba a tashi.

Ko hayaƙin da ya samu fita ma bai ɓace ba. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, sanyi ya sa mutanen Landan suka ƙona kwal da yawa, iska kuma ta tsaya cik, hayaƙin ya haɗu da hazo ya rufe birnin. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956.

Mu kuma fa?

Mu namu tarihin ya bi ta wata hanya. A cikin shekaru kamar sittin mun tashi daga kago da shigifa zuwa siminti da tol, daga asabari zuwa ƙofar ƙarfe da taga mai gilashi. Mun ari ɗakin da ba ya yoyon iska, ba mu ari bututun da ke tafiya da shi ba. Magini bai ga dalili ba, tun da ɗarin wata biyu ne ko uku. Amma tol ba ya riƙe ɗumi kamar ginin ƙasa: da rana tanda, da dare ƙanƙara. Sai ɗakin ya fi na kaka sanyi, mu kuma mu ɗauko dabarar kaka mu kai ta inda ba ta da mafita.

Mun ƙara da wani canji. A birni gawayi ya fi sauƙin shiga ɗaka, don ba ya hayaƙi. To nan ne tarkon yake. Hayaƙin itace yana sa hawaye da tari, ya tilasta maka buɗe ƙofa, wato yana gargaɗi. Gawayi shiru yake aikinsa.

Hukuma ta daɗe tana tunanin itace, amma ta fuskar daji da tukunya. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 aka shiga yaɗa murahu masu tsimin itace, irin su Mai Sauƙi na ƙarfe da maƙeranmu ke ƙerawa, kuma dokar 1992 ta tsara kasuwannin itace na karkara da harajin jigilarsa zuwa birane. Aiki ne mai amfani. Sai dai ni a tasowata na ji wayar da kai kan girki da sare itace ba adadi, ban taɓa jin wanda ya zo lakwal ya yi mana bayanin kaskon da ke kwana a ɗaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke.

A ganina harshe ma yana da hannu. Muna da sunan abin da ido ke gani, hayaƙi. Wanda ba a gani, ba mu raɗa masa suna ba tukuna. Bututun ma siffanta shi muke yi, mu ce bututun hayaƙi ko mafitar hayaƙi. Kuma kalmar iska a Hausa fuska biyu gare ta: wadda ake shaƙa, da wadda ake tsoro. In aka wayi gari aka tarar da mutum a sume a ɗaki rufe, ba rauni ba jini, wani zai ce iska ce ta taɓa shi. Ya faɗi gaskiya ba tare da ya sani ba, sai dai ba irin iskar da yake nufi ba ce. Haɗarin shi ne a tsaya neman maganin waccan, alhali abin da mutumin ke bukata a fitar da shi fili a garzaya da shi likita. Ni dai ina ba da shawarar mu riƙa cewa "gubar gawayi". Gajere ne, kowace tsohuwa za ta gane, kuma ya nuna mai laifin da yatsa.

Abin da tarihin ya bar mana

In an tace duk wannan tafiya, daga jinkar kakata zuwa maƙogwaron Rumford, abin da ya rage kaɗan ne, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Garwashi ba ya kwana a ɗaki rufe: a ɗumama ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta. Kar a toshe ƴan kafofin da magina ke bari a saman bango don gudun ƙura, su ne hancin ɗakin. Wanda ya yi niyyar kafa murhun itace na dindindin, musamman ƴan'uwanmu na Agadas da tsaunukan Ayar inda sanyi ya fi tsanani, ya yi shi rufaffe, da bututun da ya zarce tsayin rufi, haɗe-haɗensa ba sa yoyo. Ya aza shi a kan daɓe ko dutse, nesa da katifa da labule, ya raba bututun da azara ko duk wani katako inda ya huda rufi. Ya bar wa sabuwar iska hanyar shigowa ta ƙasa, ya ƙona busasshen itace don ɗanye ya fi tara kunkunniya, ya kuma share bututun kafin kowane hunturu. In kuwa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, kar a ce zazzaɓi ne, a buɗe ƙofa a fita tukuna.

Maƙeran da suka iya ƙera Mai Sauƙi daga tsohon ƙarfe ba za su kasa lanƙwasa bututu ba. Ƴan'uwanmu masu karatun gini da kimiyya, ga aiki nan a gabanku. Mu na harshe, namu shi ne mu samo kalmomin da za a faɗa a rediyo da masallaci da fada, mutane su ji su riƙe. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Namu gemun ya riga ya babbake, Allah ne ya yi da sauran kwana. Hunturu na tafe. Kafin ya iso, kowa ya ɗaga kai ya dubi ɗakin da yake kwana, ya tambayi kansa ta ina yake lumfashi.